Dashen Ɓargo da Masu Tallar "Ƙwayoyin Asali": Ina Gaskiyar Take?

 

A ƴan shekarun nan an cika mana kunne da labarin wani magani da Faransawa ke kira cellules souches, mu kuma za mu kira shi ƙwayoyin asali. Ana cewa yana warkar da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki, da amosanin jini, har ma da tsufa. Akwai magidanta da suka kai ga tunanin sayar da gona ko garke domin kai ɗansu waje a yi masa. Kafin a kai ga haka, ya kamata mu san inda wannan ilimi ya tabbata da inda yake tafiyar hawainiya.

Ƙwayoyin asali su ne iyayen sauran ƙwayoyin halittar jiki. Ƙwaya ɗaya takan rabu ta sake haifar irinta, ta kuma haifi wadda za ta zama jini ko fata. Waɗanda likitoci suka fi sani suna cikin ɓargon ƙashi, can ne Allah Ya ajiye masana'antar jinin ɗan Adam. Su ne ake dasawa a aikin da ake kira dashen ɓargo, aikin da ya haura shekara 60 ana yin sa. A 1958 likitan Faransa Georges Mathé ya dasa ɓargo ga wasu ma'aikatan Yugoslabiya da tururin nukiliya ya illata, a 1990 kuma Donnall Thomas na Amurka ya karɓi lambar Nobel saboda wannan fage. A 1988, a asibitin Saint-Louis na birnin Paris, Éliane Gluckman ta yi wa wani yaro dashe da jinin cibiyar ƙanwarsa, ya kuma rayu. Yau da wannan hanya ake jinyar wasu nau'o'in sankarar jini da cututtukan jini na gado.

Abin da ya fi shafar gidajenmu shi ne amosanin jini, wato sikila. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya ƴar shekara 8 a Amurka da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sai aka ga sikilar da take da ita ma ta tafi. Tun daga nan an yi wa dubbai. Idan yaro ya samu wa ko ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ɓargonsu ya dace, kimanin 90 cikin 100 suna rabuwa da cutar. Wannan warkewa ce ta haƙiƙa, da yardar Allah.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Dacewar ɓargo tsakanin shaƙiƙai ɗaya ce cikin huɗu, ɗan turaka kuwa da wuya ya dace, abin da ya kamata gidaje masu mata fiye da ɗaya su sani tun da wuri. Kafin dashen, sai an kashe ɓargon maras lafiya da magunguna masu ƙarfi, ya yi makonni a keɓe ba shi da garkuwa, ƙwayar cuta ƙanƙanuwa tana iya halaka shi. Bayan dashen, sabon ɓargon yana iya ɗaukar jikin da ya shiga a matsayin baƙo, ya far wa fata da hanta da hanji. Da yawa kan rasa haihuwa har abada, kuma wannan magana ce da iyaye ke yanke wa yaron da bai san ma'anarta ba tukuna. Wasu kuma ajali kan same su a cikin aikin. Shi ya sa likitoci suka fi ba da shawarar dashe ga wanda cutar ta tsananta masa. A maƙwabciyarmu Nijeriya, asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko ga mai sikila a 2011.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin asalin maras lafiya da kansa, a gyara su, a mayar masa, ba a bukatar ɗan'uwa. Amma shi ma sai an kashe tsohon ɓargo, kuma an sa masa farashin dala miliyan 2.2, fiye da miliyar ɗaya na sefa.

Bayan cututtukan jini, abin da ya tabbata kaɗan ne: gyaran fatar wanda ya ƙone, da gyaran idon da sinadari ya ƙona, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015. Game da ciwon suga irin na ƙuruciya, an wallafa wani gwaji a 2025 inda mutum 10 cikin 12 suka daina allurar insulin bayan shekara guda. Labari ne mai daɗi, amma mutum 12 ne kacal, kuma dole su riƙa shan maganin danne garkuwar jiki. Ciwon zuciya kuwa an sha alkawari, har a 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye maƙaloli 31 na wani fitaccen mai bincike saboda an gano ƙage a cikinsu.

A wannan giɓi na tsakanin fata da tabbas ƴan kasuwa suka kafa rumfa. A 2015 wasu tsofaffin mata uku a jihar Florida ta Amurka sun biya dala 5,000 kowacce, aka ɗebo kitsen jikinsu aka yi masu allura a idanu biyu. Ɗaya ta makance ɗungurungum, biyu suka rasa mafi yawan ganinsu. A 2009 likitocin Isra'ila sun ba da rahoton wani yaro da aka yi wa allurar ƙwayoyin ɗan tayi a Mosko, ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa, aka kuma tabbatar daga ƙwayoyin da aka sa masa ya tsiro. Ƙwayar da aikinta shi ne yaɗuwa, in ta sauka inda ba gurbinta ba, ba ta da linzami. Wannan ya faru ne a ƙasashen da ke da hukumomi masu sa ido, ina ga inda babu mai tambaya?

Akwai kuma garin da ake tallatawa gida-gida a cikin ƴan fakiti, wai ƙwayoyin asalin tuffa ko inabi. Ƙwayar itace ba ta zama jinin mutum, abin da ya shiga ciki kuma narkewa yake yi kamar tuwo. Babban abin tsoronmu shi ne mai suga ko hawan jini ya ajiye maganinsa saboda shi.

Malamanmu ba su bar mu cikin duhu ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 17 a Makka cikin 2003, ta halatta amfani da waɗannan ƙwayoyi idan tushensu halal ne: daga baligi da izininsa in ba zai cutu ba, daga yaro da izinin waliyyinsa, daga mabiyiya da cibiya da yardar iyaye. Ta haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin shari'a ba. Saboda haka wanda aka yi wa tayin allura yana da haƙƙin tambayar daga ina aka samo ta, wace hukuma ta amince da ita, kuma ga wace cuta. Mai cewa allura ɗaya tana maganin cututtuka ashirin, a ganinmu ya riga ya ba da amsa.

Ga iyalin da dashe ya fi ƙarfinsu, akwai abin da ke kusa. Gwajin jini kafin aure yana nuna masu ɗauke da irin cutar: idan biyu suka haɗu, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Maganin hydroxyurea, wanda aka gwada a kan yara a Kano da wasu ƙasashen Afirka, yana rage yawan tashin ciwo da bukatar ƙarin jini. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini, inda ake yin gwajin, ake kuma bin lafiyar yaran.