Dacewar Haƙora da Muƙamuƙan Dabbobin Gida da Abincinsu: Misali Daga Ƙasar Dawakin Tofa

A ƙasar Dawakin Tofa gona na manne da gona, saboda haka wurin kiwo ya yi ƙaranci. Da damina akan ɗaure awaki da tumaki a turke a yanko musu ciyawa, da rani kuwa sai harawa da karan dawa da dusa. Galibin wannan abinci mai tauri ne, ba ya amfanar dabba sai ta niƙe shi sarai. Manufarmu a nan ita ce mu duba yadda bakinta ya dace da wannan aiki.

Idan muka buɗe bakin saniya ko akuya ko tunkiya da ta gama girma, za mu tarar da haƙora 32. Takwas suna gaba, a muƙamuƙin ƙasa kaɗai, domin a sama babu haƙoran gaba sai dasashi mai tauri. Dabbar takan danne ciyawa tsakanin waɗannan biyu ta fizge. Saniya takan fara naɗo ciyawar da harshe, ita kuwa akuya da leɓɓa take tsinke ganye, ko da a cikin ƙaya. Jaki ya sha bamban, don yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, yana datse ciyawa dab da ƙasa, amma ba ya tuƙa.

Sauran 24 ɗin su ne turame, kuma nan ne babban aikin yake. Suna da faɗi da gwargwaɗa kamar dutsen niƙa da aka sassaƙa. Muƙamuƙin ƙasa bai kai na sama faɗi ba, watau dole ya riƙa gogawa gefe zuwa gefe, ɓangare ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne motsin da muke gani yayin da saniya ta kwanta tana tuƙa.

Sai dai niƙa na cin maniƙi. Ciyawa na ɗauke da sinadarin silika, ga kuma rairayi da ƙurar hunturu da ke maƙale wa kara. Shi ya sa aka halicci turamen da tsawo, suna ƙara fitowa gwargwadon yadda suke cinyewa, har ranar da za su ƙare. Daga nan tsohuwar dabba sai ta yi ta rama alhali harawa na gabanta, mai ita ya ɗora laifin kan tsutsar ciki. A ganinmu, manomin da zai sayi san huɗa ya fara duba baki kafin ƙaho da tozo: sa yakan fara famfarar haƙoran gaba yana da kimanin shekara 2, ya kammala su wajen shekara 5.