Kuɗin ƙarfen da ba na gwamnati ba: ku duba kafin ku kai wa maƙeri

Akwai tsofaffin kuɗin ƙarfe da ake tsinta cikin adakar kakanni waɗanda ba gwamnati ta buga su ba. 'Yan kasuwa ne suka buga abinsu zamanin Turawa, Faransawa na ce musu jeton. Dalili kuwa matsalar da muka sani ce har gobe a kasuwa: rashin canji.

Ɗaya daga cikin mafi tsufa a yankinmu shi ne na Macgregor Laird, wani attajiri ɗan Sikotilan da ke aika jiragen ruwa fatauci a kogin Kwara, wanda ya ratsa Yamai kafin ya gangara Nijeriya. A 1858 ya sa aka buga masa ɗan ƙaramin ƙarfe mai hoton jirgin ruwa, darajarsa kashi ɗaya cikin takwas na kwabon Ingila. Har da shekarar hijira, 1274, aka sa da lambobin Larabci, don Musulmin da zai yi ciniki da su. Amma mutane ba su saki wuri ba, Laird ɗin ma ya mutu a 1861.

A ɓangaren Faransa kuwa, bayan yaƙin duniya na farko ƙananan kuɗi suka yi wuya ƙwarai. Sai majalisun 'yan kasuwa na Dakar da Rufisque a Senegal, da na Kayes a Mali ta yau, suka fiddo nasu a 1920: santim 5, 10, 25 da 50, akasari na alminiyam, marasa nauyi kamar marfin kwalba. Kowane da sunan garinsa, kuma in ka yi nisa da garin ba lalle a karɓa ba.

To, nan ne masu tara su ke sa ido. Su kan duba sunan gari, da shekara, da irin ƙarfen, da ko kewayayye ne ko mai kusurwoyi. Biyu za su yi kama kamar tagwaye, amma ɗaya ya fi ɗaya wuyar samu, kuɗinsu ya bambanta. Shekara kaɗai kam ba hujja ba ce. Tsohuwar dala ta azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tareza, wadda ta bar mana sunan dala, an yi ta buga ta shekara da shekaru, amma duk 1780 ke rubuce a jikinta.

Shawararmu: wanda ya samu kar ya goge da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, gugar nan ita ke kashe darajarsa. Kar a huda shi, kar a ba maƙerin tukwane ya narke. A ɗauki hotonsa gaba da baya, a tura wa ɗan'uwa a waje ya bincika. Mai zuwa da labarin miliyoyi kuma, yana neman kuɗin mota tukuna, a sallame shi tun daga zaure.