Aikin jinya: Dalilin da ya sa ake tambayar majiyyaci gidansa da sana'arsa

A farkon shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin ƙasa da ƙasa ta MSF sun lura da wani lamari mai tayar da hankali a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Ƙananan yara na amai, suna jijjiga, suna suma, da yawansu kuma suna mutuwa. Da farko an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi tasiri ba. Gwajin jini ne ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, wadda ta yi sanadin rasuwar yara kimanin 400.

Tushen matsalar yana cikin gidajen mutane. Mazauna yankin na haƙo duwatsu masu zinare, su kawo su tsakar gida, a daka, a niƙa, a wanke. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurarsu ta gauraya da ƙasa, ta sauka a kan kwanuka da hatsi, yaran da ke rarrafe suna kai hannu baki suka riƙa haɗiyar ta.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jiki, amma ma'aikatan lafiya sun ga cewa aikin banza ne a ba yaro magani sannan a mayar da shi tsakar gidan da ya ɗauko gubar. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen, aka kwashe, aka zuba sabuwa. A garin Bagega wannan aikin bai samu ba sai a shekarar 2013, kuma yaran garin sun yi ta jiran magani har zuwa lokacin.

Abin da ya faru a Zamfara misali ne na abin da masana kiwon lafiya ke kira abubuwan da ke juya lafiyar mutum, wato yanayin da aka haife shi, ya tashi, yake zaune kuma yake neman abinci a cikinsa. Ruwan sha, makewayi, abinci, ilimi, kuɗin shiga, nisan asibiti, zaman lafiya, har da wanda ke da ikon yanke shawara a gida, duk suna ciki.

Wannan fahimta ta daɗe a aikin jinya. Florence Nightingale, wadda ake bikin Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya a ranar haihuwarta, 12 ga watan Mayu, ta tarar a lokacin yaƙin Kirimiya a 1854 cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke yaɗawa sun fi raunukan yaƙi kashe sojojin Ingila. Daga baya taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a kan gaba, sannan taron birnin Ottawa na ƙasar Kanada a 1986 ya fayyace ma'anar inganta lafiya: a ba jama'a damar riƙe ragamar lafiyarsu da kansu. Taron ya lissafa zaman lafiya, muhalli, ilimi, abinci da kuɗin shiga cikin sharuɗɗan samun lafiya. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ya fi kowa dagewa a kan wannan tsari lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992.

Me ya sa nauyin ya fi faɗawa kan ma'aikatan jinya da ungozoma? Saboda su ne suka fi daɗewa tare da majiyyaci. Likita ya duba ya wuce, a cibiyoyin karkara da yawa ma babu shi. Ma'aikaciyar jinya ce ke ganin wa ya kawo marar lafiya, me aka kawo masa ya ci, da kuma sau nawa ya dawo da ciwo iri ɗaya.

Idan uwa ta kawo yaro da gudawa karo na uku cikin wata biyu, ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink wajibi ne. Amma aikin bai cika ba sai an tambaye ta inda suke ɗebo ruwa, ko randa na da murfi, ko akwai masai a gidan, ko an fara ba jaririn ruwa da koko kafin ya cika wata shida. Haka magidancin da hawan jininsa ya ƙi sauka. Kafin a ce ya ƙi shan magani, ya kamata a san ko kuɗin maganin ne ya gagare shi, ko yana raba ƙwaya ɗaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Mai cikin da ba ta zuwa awo, wataƙila kuɗin mota ne, wataƙila izinin maigida ne, wataƙila kuma tsawar da aka yi mata a zuwan farko ce ta hana ta dawowa.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Sau da yawa abin da ake kira wayar da kai a asibitocinmu faɗa ne kawai. A tara mata a benci, a zarge su da sakaci, a sallame su. Matar da aka kunyata a gaban jama'a ba za ta faɗi cewa sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidansu ba. Za ta ce "to", ta tafi. Gaya wa wadda ba ta da kuɗin nama ta riƙa ba yaro nama da ƙwai kullum bai amfane ta da komai ba. Nuna mata yadda za ta ƙara garin gyaɗa ko waken soya a kunu, ta sa zogale da manja a abincin yaron, shi ne shawarar da za ta iya aiki da ita.

Gaskiya ne cewa ma'aikacin jinya ba zai haƙa rijiyar burtsatse ba, ba zai gyara hanya ba, kuma wanda ke duba mutum hamsin shi kaɗai ba shi da lokacin doguwar hira. Ƙarancin ma'aikata da ficewar ƙwararru zuwa ƙasashen waje sun ƙara tsananta wannan. Sai dai yana da abin da wasu ba su da shi, wato rajistar marasa lafiya. Idan yara biyar daga unguwa ɗaya suka zo da amai da gudawa cikin mako guda, shi ne zai fara sani. Aikinsa ne ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ya kai maganar ga mai unguwa, liman da kwamitin ci gaban mazaɓa, waɗanda ke da ikon sa a rufe gurɓatacciyar rijiya ko a gyara ta.

A shekarar 2015, gubar dalma ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ita ma ta hanyar haƙar zinare, ta kuma kashe yara. Har yau ana wannan sana'a a sassan Zamfara, Neja, Kebbi da Kaduna. A irin waɗannan wurare, idan aka kawo yaro yana jijjiga kuma gwaji bai nuna zazzaɓin cizon sauro ba, ya kamata ma'aikacin jinya ya tambayi iyayen sana'ar da ake yi a gidan, da kuma ko ana niƙa dutse a inda yaron ke wasa.