Tsibiran Tafkin Lagdo: Yadda Baƙo Ke Zirga-Zirga a Kan Ruwan Binuwai

Idan aka ambaci tsibiri, hankalin mutumin Tuboro kan tafi can bakin teku, wajen Zanzibar ko wasu ƙasashen da sai a talabijin muke ganin itatuwan kwakwarsu. Da yawa daga cikinmu ba su san cewa a cikin wannan jiha tamu ta Arewa akwai tsibirai da baƙi ke zuwa gani daga Yawunde da Duwala, har ma daga Turai ba. Suna cikin tafkin Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa idan an auna a miƙe, ko da yake hanyar mota ta ɗan fi haka. Magidancin da ke neman inda zai kai iyalinsa lokacin hutun makaranta ba ya buƙatar fasfo ko tikitin jirgin sama. Sai dai akwai abin da ya wajaba ya sani kafin ya tashi, domin yawo a kan ruwa ba kamar yawo a kan tudu ba ne, mu kuwa mutanen tudu ne.

Tafkin nan hannun ɗan Adam ne ya samar da shi. Tsakanin shekarar 1977 da 1982 wani kamfanin ƙasar Sin ya gina madatsa a inda kogin Binuwai ke ratsawa ta tsakanin duwatsu, tsawonta mita 308, tsayinta kuwa kimanin mita 40. Injinanta huɗu an yi su ne don su ba da megawat 72 na wutar lantarki, wadda shekara da shekaru Garwa da Marwa da Ngaundare suka dogara da ita. Da ruwan Binuwai da na Mayo Rai suka taru a bayan madatsar, sai suka rufe daji da gonaki da kufai, ƙololuwar tuddan da ruwa bai kai gare su ba suka zama tsibirai. Faɗin tafkin idan ya cika yakan kai murabba'in kilomita 586. Shi ne kuma ruwan da 'yan uwanmu na Yola da Makurɗi da Lokoja ke ambato da fargaba duk ƙarshen damina, tun bayan ambaliyar 2012 da ta 2022.

Tsibirai biyu ne suka fi suna. Ɗaya shi ne wanda ake kira da Faransanci Île aux Damans, wato tsibirin agwada, tarin manyan duwatsu ne da waɗannan 'yan dabbobi suka mayar gida. Ɗayan kuma ƙauyen masunta ne da aka laƙaba wa suna Madagaskar. Wani abin sha'awa shi ne, ainihin Madagaskar ta tekun Indiya faɗinta ya kai murabba'in kilomita dubu 587, wato ta ninka tafkin Lagdo gaba ɗayansa sau dubu. Wanda ya raɗa wa ƙauyen wannan suna bai rasa barkwanci ba.

Daga Tuboro hanya biyu ce. Akwai ta kwalta wadda ta bi ta Ngaundare, sa'an nan a gangaro dutsen nan mai lanƙwasa a kama hanyar Garwa, a ratse gabas a wajen Ngong. Doguwa ce, amma ita ce ta mai iyali. Akwai kuma ta jar ƙasa wadda ta bi ta Colire ta faɗa babbar hanya a Gijiba; da rani ana bin ta, da damina kuwa sai mai ƙarfin hali da mota mai ƙarfi. Ko wacce aka zaɓa, a yi tafiyar da rana. Mutanen Mayo Rai ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalili.

A bakin ruwa

Mota da babur iyakarsu gaɓa. Daga nan sai kwalekwale, kuma a nan ne baƙo ke yin shawarar da ta fi kowace muhimmanci a tafiyarsa, sau da yawa cikin minti biyar, yara na ja masa riga, matuƙa uku ko huɗu na kiransa. Shawararmu ita ce a sassauta. A zauna a inuwa, a gai da mutane, a tambayi dattawan gaɓa wane matuƙi ne ya daɗe a kan wannan ruwa. Masunta sun san junansu sarai, kuma ba su cika ɓoye wa baƙon da ya yi sallama da ladabi gaskiya ba.

Jiragen iri biyu ne. Akwai ƙaramin kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili, na masu jefa birgi da masu duba koma a kusa da gaɓa. Wannan ba na iyali ba ne, ko da an yi tayinsa da araha. Akwai kuma babban jirgin katako mai inji a baya, wanda ke jigilar mutane da kaya tsakanin tsibirai da sansanonin masunta. A cikinsa ma akwai zaɓi: ko dai a shiga na haya tare da jama'a, a jira ya cika kamar yadda ake jiran mota a tasha, ko kuma a yi shatarsa. Na haya ya fi sauƙin kuɗi, kuma a cikinsa ne mutum zai ji Fulatanci da Hausa da Musgum da Kotoko da Faransanci a zama ɗaya. Amma ba ka da iko da lokacin tashinsa, ba ka da iko da yawan buhunan da za a ɗora masa. Mai mata da yara, in da hali, gara ya haɗa kai da wani gidan su yi shata su raba kuɗin.

A gama ciniki kafin a sa ƙafa a jirgi, kuma a fayyace komai: zuwa da dawowa ne, tsibiri nawa za a tsaya, awa nawa matuƙi zai jira, kuɗin mai a wuyan wa yake. Kada a biya duka tun farko. A kuma dubi jarkar mai da ido, domin inji ya mutu a tsakiyar tafki ba irin mutuwar mota a gefen titi ba ce.

Sai maganar lodi, wadda muke so mu daɗe a kanta. Kusan duk babban haɗarin jirgin ruwa da aka yi a wannan nahiya, idan aka bi diddigi, za a tarar da lodi fiye da ƙima a ciki. Jirgin Joola na ƙasar Senegal da ya kife ranar 26 ga Satumba, 2002, an yi shi ne don mutanen da ba su kai 600 ba, amma waɗanda suka rasu a cikinsa sun haura 1,800. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara ta Najeriya, mutum fiye da 100 suka halaka a kogin Neja suna dawowa daga biki da dare. Ma'aunin da baƙo zai yi amfani da shi ba ya buƙatar ilimin boko: a dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa bayan kowa ya zauna. Idan ba ta kai kamu ɗaya ba, a sauka. Za a ji kunya, wataƙila a ji wata 'yar magana daga fasinjoji, amma uban da ya sauko da 'ya'yansa daga jirgin da ya cika bai yi abin kunya ba. Haka nan rigar ruwa, wato rigar nan mai kumfa da ke hana nutsewa: a tambaya tun a gaɓa, a ƙirga ta, a ɗaura wa yara da kyau. Rigar babba ba ta riƙe ƙaramin yaro, sulluɓewa take yi ta kansa. Mun sha jin ana cewa ai komai ƙaddara ne. Gaskiya ne, amma wanda ya yi mana umarni da tawakkali shi ne ya yi mana umarni da ɗaure raƙumi.

A cikin jirgi a zauna ƙasa-ƙasa, a raba nauyi dama da hagu, kowane yaro a ba shi babban da zai kula da shi shi kaɗai. Ba a miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, ba a kuma taruwa gefe ɗaya don an hango dorina. Mata su tattara mayafi da bakin zane, kada su ja ruwa ko su kusanci inji.

Lokaci da iska

Tafki mai wannan faɗi yana da halinsa. Da sassafe yakan kwanta lumui, da rana ta take sai iska ta fara tayar da igiya. Saboda haka a shiga ruwa bayan an karya kumallo, a yi niyyar dawowa gaɓa kafin la'asar. Watannin da suka fi dacewa su ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa na nan da yawa, zafi ya sauka, hanyoyi sun bushe. Aibinsu ɗaya shi ne hazo, wanda wani lokaci yakan rufe duwatsun da matuƙi ke saiti da su. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura. Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai yakan wuce digiri 40, dutse kuma ya zama kamar tanda. Farkon damina shi ne mafi haɗari, domin hadari yakan haɗo cikin ɗan lokaci da guguwa a gabansa. Idan matuƙi ya dubi gabas ya ce a jira, a jira. Daga Yuli zuwa Satumba kuma hukuma kan dakatar da su don kifi ya hayayyafa, saboda haka wanda ya je a lokacin ba zai ga kasuwar kifi yadda take ba.

Idan ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye sukan matso kusa da sama. Shi ya sa za ka ga tsohon matuƙi yana kewaye a inda kai kake ganin fili, yana kuma nisantar wasu lungunan da dorina ke kwana. Dorina mai ɗa ba ta son a matse ta, kuma tana iya kifar da kwalekwale. Kada baƙo ya roƙi matuƙi ya matsa kusa da ita, balle ya ƙara masa kuɗi don haka.

A kan tsibiri

Da an sauka, ƙafa ce abin hawa. A tsibirin agwada hawan dutse ne, don haka a sa takalmi mai riƙe ƙafa, a bar silifa da takalmin biki a gida. Agwada na fitowa shan hantsi a kan duwatsu, kuma wanda ya zauna shiru ya fi wanda ke bin ta ganinta. Ga abin da za a gaya wa yara su riƙe: masana dabbobi sun tabbatar da cewa wannan 'yar dabba mai kama da gafiya, danginta na kusa su ne giwa da ayu. Tafin ƙafarta kuma taushi gare shi kamar roba, shi ya sa take gudu a kan dutse mai santsi ba ta zamewa. A kula da ramukan duwatsu, kada yaro ya zura hannu.

Madagaskar kuwa gari ne na mutane, a shige shi kamar yadda ake shiga kowane gari. A fara da gaisuwa wurin mai gari ko dattawan da ke bakin gaɓa. Mazauna tsibiran Lagdo da gaɓoɓinsa sun zo ne bayan an tare ruwan, wasu daga kwarin Logon da tafkin Cadi, wasu daga Najeriya, wasu har daga Mali, akwai Musulmi akwai Kirista. Za a ga ana gyaran koma, ana ɗinke jirgi, mata na banda kifi a kan wuta. Aikinsu ne suke yi, ba wasa suke nuna wa kowa ba, don haka a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto, musamman na mata. Rabon kuɗi ko alewa ga yaran gari ba alheri ba ne kamar yadda ake zato, yana koya musu bin baƙi. Wanda ke son yin kyauta ya miƙa ta hannun manya. A madatsar kanta ma akwai masu gadi, a tambaye su kafin a ɗauki hoto.

A tafi da ruwan sha isasshe da guzuri da tabarmar salla. Mai zuwa daga Tuboro matafiyi ne, yana da sauƙin ƙasaru, amma duk da haka ya fi daɗi a tsara tafiyar yadda azahar za ta riski mutum a kan tudu. Ledoji da robobin da aka zo da su a koma da su, tsibiri ba shi da inda zai kai shara sai cikin ruwan da mutanensa ke sha.

Akwai wani haɗarin da ba a gani da ido. Yara da sun ga ruwa mai sanyi za su so wanka, gaɓar tafki irin wannan kuwa, inda ruwa ke kwance da ciyayi, nan ne mazaunin ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar na shiga ta fata ba tare da an ji ba, sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. A hana su wanka da wasa a ruwan gaɓa. Idan kuwa an riga an shiga, aka kuma ga alama daga baya, a je asibiti a faɗa wa likita inda aka je. Akwai ƙwayar praziquantel da ke maganinta. Masu kwana a Lagdo su tabbatar da gidan sauro.

Kafin a kama hanya, a ratsa wurin masu kifi. Akwai karfasa da tarwaɗa, wani lokaci a dace da giwan ruwa, ko da yake masunta na kukan cewa manyan kifaye sun yi ƙaranci idan aka kwatanta da shekarun farko na tafkin. Ɗanyen kifi ba zai kai Tuboro lafiya ba sai da ƙanƙara mai yawa, saboda haka a ci gasasshe a nan bakin ruwa, tsarabar gida kuwa a sayi banda, a duba cikinta da kyau kada ta kasance da ƙwari, a naɗe ta a takarda maimakon leda.