BAYANI: Yadda binciken sukari da hasken leza suka shafi yaƙi da sanƙarau

A watan Afrilun 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar sanƙarau. Tushen wannan allura sukari ne, amma ba irin wanda ake zubawa a shayi ba.

Ƙwayoyin halitta suna lulluɓe da sarƙoƙin sukari, kuma da irin wannan riga ce ƙwayar sanƙarau take ɓuya wa garkuwar jiki. Idan aka yi allura da sukarin shi kaɗai, kariyar ba ta daɗewa, musamman a jikin ƙananan yara. Da masana suka ɗaure shi da furotin, sai jiki ya fara riƙe kamanninsa. Da wannan dabara aka haɗa MenAfriVac, wadda aka fara bayarwa a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, a kan ƙasa da santi 50 na dala kowace allura. Kafin zuwanta, annobar 1996 zuwa 1997 ta kashe mutum kimanin 25,000 a Afirka.

Ganin sarƙoƙin sukari a jikin ƙwayar halitta mai rai ya daɗe yana gagarar masana. Carolyn Bertozzi ta Jami'ar Stanford a Amurka ta gano hanyar liƙa musu alama mai ƙyalli ba tare da an cutar da ƙwayar ba, aikin da ya sa ta samu kyautar Nobel a 2022.

Madubin ƙara girma shi ma yana da iyaka. A 1873, Ernst Abbe ya nuna cewa madubin haske ba ya rarrabe abin da bai kai kimanin nanomita 200 ba. Stefan Hell, masani a Jamus, ya ƙetare iyakar da leza biyu: ɗaya ta kunna ƙyallin, ɗayar ta dushe shi a kewaye, sai ɗigo ƙanƙani ya rage a tsakiya. Ya raba kyautar Nobel ta 2014 da Eric Betzig da William Moerner.

Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ke haɗa duka alluran biyu. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda sanƙarau ke ɓarkewa lokacin rani, sun dogara ne da abin da aka shigo da shi daga waje.