Ɗan Bincike Mashayi da Iyakar Jibiya

Labarin ɗan bincike mai zaman kansa, wato mutumin da ba ɗan sanda ba ne amma ake biyansa ya tono wanda ya yi kisa ko ya wawure dukiya, ya kafu ne a Amurka cikin mujallar Black Mask da aka fara bugawa a 1920, kuma Dashiell Hammett da Raymond Chandler ne suka ɗaukaka shi. Jarumin yakan kasance gwauro, marar abin hannu, mai baƙar magana, wanda kwalbar giya ba ta barin teburinsa, kamar Philip Marlowe na littafin The Big Sleep na 1939.

Masu karatu da dama, har da manazartan da bai kamata su faɗa wannan rami ba, sun ɗauka giyar ce jigon labarin, saboda haka suke cewa jiha irin Katsina, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, ba ta da gurbin wannan adabi. Wannan magana ce ta wanda bai wuce bangon littafi ba. Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta haramta sayar da giya, sai fasa-ƙwaurinta daga Kanada ya bunƙasa, masu safarar suka saye 'yan sanda da alƙalai, har wanda aka zalunta ya rasa inda zai kai kuka in ba wurin ɗan binciken haya ba. Shan giyarsa alama ce kawai ta cewa shi ma yana taka dokar da kowa ke takawa. Haramci da iyaka da cin hanci su ne suka haife shi.

Wanda ya fahimci haka zai ga Jibiya, garin da ke bakin iyaka a jihar Katsina, ta tara kayan aikin duka. Ta Magamar Jibiya ake bi daga Katsina zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, garin da Katsinawan da suka ƙaurace wa jihadi suka mayar cibiyarsu, abin da ya sa dangi ɗaya ke zaune hagu da dama na shingen. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa 'yar waje ba ta daina shigowa ta ɓarauniyar hanya a kan babura ba, man fetur kuma bai daina fita cikin jarkoki ba.

Marubutan Hausa ma sun riga manazartan gane wannan. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda aka buga a 1982, an gina shi ne a kan Alhaji Gabatari, attajirin da ya yi arziki da fasa-ƙwauri kuma ya sa ma'aikata cikin aljihunsa. Abin da littafin bai kawo ba shi ne ɗan binciken haya, domin a ƙasar Hausa wanda aka cuta yakan fara ne da mai unguwa ko dagaci.