Malkia Strikers: tarihin 'yan matan Kenya da suka mamaye ƙwallon raga a Afirka

A duk lokacin da aka ambaci Kenya a fagen wasanni, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne 'yan tseren dogon zango. Sai dai ƙasar tana da wata tawaga da ta shafe sama da shekara 30 tana ɗaga tutarta, wato tawagar mata ta ƙwallon raga da ake yi wa laƙabi da Malkia Strikers. Kalmar "malkia" a harshen Swahili tana nufin sarauniya, kuma a nahiyar Afirka sunan ya bi jiki. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa wannan sarauta ba ta ƙetare iyakar nahiyar ba har yanzu.

Kenya ta fara lashe gasar cin kofin Afirka ta mata a shekarar 1991, sannan ta sake ɗaukar kofin a 1993 da 1995 da 1997. Bayan 'yan shekaru da kofin ya kuɓuce mata, ta dawo da shi a gasar 2005 da aka yi a Abuja, ta kuma ƙara a 2007 da 2011 da 2013 da 2015. Nasarar da ta samu a kan Masar a wasan ƙarshe na 2023 a birnin Yawunde ita ce ta cika mata kofi na 10, adadin da babu wata ƙasa a nahiyar da ta kusance shi.

Tushen wannan ƙarfi yana cikin gida. Makarantun sakandare irin su Lugulu da Kwanthanze sun daɗe suna horar da 'yan mata tun suna ƙanana, kuma gasar makarantu ta zama kasuwar da manyan ƙungiyoyi ke zuwa neman sababbin 'yan wasa. Su kuma manyan ƙungiyoyin mallakar hukumomi ne da kamfanoni: Kenya Pipeline ta kamfanin bututun mai, Kenya Prisons ta hukumar gidajen yari, da KCB ta banki. Wannan tsari yana bai wa 'yar wasa albashi, wani lokaci ma har da aikin da za ta dogara da shi bayan ta daina wasa, don haka ba ta barin fili da wuri saboda neman abin sakawa a baka. Ƙungiyoyin uku duk sun taɓa cin kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka. KCB ta ci na 2022 a Tunisiya bayan ta doke Al Ahly ta Masar.

Mulkin Kenya bai tafi ba tare da ƙalubale ba. Aljeriya ce ta wakilci Afirka a gasar Olamfik ta 2008 da ta 2012. Daga nan Kamaru ta taso da ƙarfinta: ta samu gurbin Rio a 2016, sannan ta ci kofin Afirka sau uku a jere, a 2017 da 2019 da 2021, tana doke Kenya a wasan ƙarshe kowane karo. Hamayyar ƙasashen biyu ta zama babbar karawar wasan a nahiyar. A watan Janairun 2020, Kenya ta rama a gidan abokiyar hamayyarta, inda ta doke Kamaru da ci 3-2 a wasannin neman gurbin Tokyo, ta kuma tabbatar da tikitinta da nasara a kan Najeriya. Hakan ya kawo ƙarshen dogon jiran da ta yi tun daga 2004.

A fagen duniya kuwa, labarin ya sha bamban. Kenya ta halarci gasar Olamfik sau huɗu: Sidni a 2000, Atina a 2004, Tokyo da aka buga a 2021, da Paris a 2024, amma ba ta ci wasa ko ɗaya ba. A Paris ta faɗa rukuni guda da Brazil da Polan da Japan, kuma kowaccensu ta doke ta da ci 3-0. A gasar cin kofin duniya ma, wadda ta fara halarta a 1994 a Brazil, sai da ta jira shekara 24 kafin ta ɗanɗani nasarar farko, lokacin da ta doke Kazakistan da ci 3-0 a Japan a 2018. A 2022 ta ƙara wata nasarar a kan Kamaru. Babban abin da ta cimma a wajen nahiyar shi ne lashe rukuni na uku na gasar Grand Prix a 2015 a birnin Kanbera na Ostireliya, inda ta doke Peru a wasan ƙarshe.

Dalilan wannan tazara a bayyane suke. Manyan ƙasashe irin su Italiya da Turkiyya da Brazil da Amurka suna karawa da juna kowace shekara a gasar da ake kira Nations League, wadda ta maye gurbin Grand Prix a 2018, kuma babu tawagar mata ta Afirka a cikinta. Tawagar da ba ta gamuwa da irin wannan saurin wasa sai bayan shekara biyu ko huɗu, tana shan wahala musamman wajen tarbar bugun farko. Idan tarbar ta lalace, mai ɗaga ƙwallo ba ta da zaɓi illa ta cilla ta sama zuwa gefen raga, inda masu tare bugu biyu suka riga suka tsaya suna jira. Ga kuma ƙarancin zaurukan wasa na zamani, da ƙarancin 'yan wasan da ke buga wasa a manyan ƙungiyoyin ƙetare, duk da cewa irin su Sharon Chepchumba, wadda ta taka leda a Girka, sun buɗe wannan ƙofa.

Hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ta sa hannu wajen rage tazarar. A ƙarƙashin shirinta na tallafa wa tawagogi, ta tura masu horarwa daga Brazil bisa jagorancin Luizomar de Moura, waɗanda suka yi aiki tare da Paul Bitok na Kenya kafin gasar Tokyo, kuma tawagar ta yi dogon atisaye a Brazil gabanin gasar duniya ta 2022.

A cikin gida, martabar tawagar tana ƙaruwa. Kyaftin Mercy Moim tana cikin waɗanda suka riƙe tutar Kenya a bikin buɗe gasar Tokyo, Trizah Atuka kuma ta riƙe ta a Paris, a ƙasar da 'yan tsere suka saba da wannan girmamawa. Ga Najeriya da sauran ƙasashen da ke son bin sahu, abin da Kenya ta nuna shi ne gasar makarantu mai ɗorewa da ƙungiyoyi masu biyan albashi sun isa su kai ƙasa kan gadon sarautar Afirka. Nasara a gasar Olamfik kuwa tana buƙatar karawa da manyan ƙasashe a kai a kai, kuma zarafi na gaba shi ne gasar Los Anjalis ta 2028.